Rubutu da zanen da ke jikin kayan yara: tambayoyi da amsoshi

Ni malamar firamare ce a Gusau, kuma kamar yawancin malamai ina da 'yar sana'ar da nake haɗawa da albashi. Ina saro kayan yara na kanti daga Kano in sayar a gida, in sanyi ya kusa kuma in fasa dilar gwanjo. Da na fara ware wasu riguna gefe ina cewa ba na sayarwa ba ne, sai tambayoyi suka yi mini yawa, daga masu saye, daga maƙwabta, har da ƙannen mijina masu neman tsokana. Ga waɗanda aka fi yi mini, da abin da nake amsawa.

Malama, wane irin rubutu kike ta magana a kai?

Ki zazzage dila ɗaya ta kayan yara a tabarma, ki raba na mata da na maza, sannan ki sa wanda ya iya Turanci ya karanta miki. A tarin na mata za ki ji: gimbiya, kyakkyawa, 'yar lelen baba, zuma, "yi murmushi", "an haife ni don zuwa kanti". A tarin na maza kuwa: gwarzo, zakara, shugaban gobe, mai ƙwaƙwalwa, "ga fitina nan tafe". Ita ana gaya mata yadda za a gan ta, shi ana gaya masa abin da zai yi.

Zanen ma haka yake. Na mata fure ne, da malam-buɗe-littafi, da zuciya, da kambin sarauta. Na maza mota, jirgi, roka, ƙwallo. Ko dabbobi ba a bar su ba. A rigar yarinya za ki ga kyanwa ko zomo ido a lumshe da dogon gashin ido, a rigar yaro kuma zaki ko kada baki a buɗe, haƙora waje.

Wadda ta sa na fara ware kaya wata 'yar rigar jariri ce, ta wanda bai wuce wata shida ba. An rubuta a ƙirjinta: "Ku kulle 'ya'yanku mata." Can inda aka buga ta raha ce. Na zauna ina tunanin uwar da za ta saye ta don laushinta, ta sa wa ɗanta ta goya shi zuwa gidan suna, ba ta san abin da take yawo da shi a bayanta ba.

Yaron da ko baƙi bai sani ba, ina ruwansa da rubutun Turanci?

Shi bai karanta ba, amma ana karanta masa. Yayarsa da ke aji biyar za ta karanta, malamin makaranta zai karanta, kawunsa da ya dawo daga jami'a zai karanta ya yi dariya ya mayar da shi sunan tsokana. Na ga yaron da aka dinga kira "Fitina" a layinsu saboda wata rigar sanyi da ya sha sawa, sunan kuma ya bi shi bayan rigar ta yi masa kaɗan. Hoto kuwa ba ya buƙatar karatu. Yarinya 'yar shekara uku ta san jirgin sama na yayanta ne, nata fure.

A 2017 mujallar kimiyya ta Science ta buga wani bincike da aka yi a kan yaran Amurka 'yan shekara 5 zuwa 7. Ana ba yaro labarin wani mutum mai tsananin basira ba tare da an faɗi namiji ne ko mace ba, sai a nuna masa hotuna a ce ya zaɓi mutumin. A shekara 5 maza da mata duk sun fi zaɓar jinsinsu. Daga shekara 6 sai 'yan mata suka fara raguwa wajen zaɓar mace, suka kuma fara ja da baya daga wasan da aka ce na masu basira sosai ne. Binciken bai ce riga ce ta jawo hakan ba, ni ma ban ce ba. Abin da ya nuna shi ne yaro yana fara tattara ra'ayinsa a kan waye mai kai da wuri, kafin ya iya ɗaura igiyar takalminsa. Riga murya ɗaya ce a cikin muryoyin da yake ji, sai dai ita kullum tana manne a ƙirjinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba iyaye kaɗai ke tanƙwarawa ba.

Wannan ba ita ce koyarwar nan ta Turawa ba, ta a mayar da namiji da mace abu ɗaya?

Wannan tambayar Malam ne ya fara yi mini ita, wato mahaifina, kuma ya yi daidai da ya tambaya.

A'a. Ba na cewa a sa wa yaro zane da ɗankwali, ko a sa wa yarinya kaftani da hula. Hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari sananne ne, an la'anci maza masu kamanceceniya da mata da mata masu kamanceceniya da maza. An haramta wa maza alharini da zinariya an halatta wa mata. Bambancin sutura yana nan daram, ba ni da ja a kansa.

Abin da nake ja da shi daban ne. Addini ya bambanta suturar namiji da ta mace, amma bai ce hankali na namiji ne kaɗai ba, bai ce rashin kunya da ɓarna ado ne ga yaro ba, bai kuma ce iyakar darajar yarinya kyan fuska ba. Rigar da ke cewa "na fi ƙarfin karatu saboda kyauna" ba tarbiyyar Musulunci ba ce, ba kuma ta Hausa ba. Wanda ke tsoron al'adun waje ya kamata ya riga ni damuwa da ita, domin daga waje aka kawo ta, a harshen da ba namu ba, da irin wasan da ba mu yi da 'ya'yanmu.

Kuma ba a hana yabon ado ba. A Bukhari an ruwaito cewa an kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tufafi, a cikinsu akwai wani ƙaramin baƙin mayafi mai zane kore ko rawaya. Ya ce a kawo masa Ummu Khalid, tana ƙaramar yarinya, ya sa mata da hannunsa, ya yi mata addu'ar ta daɗe tana tsufar da tufafi, yana nuna zanen yana cewa "sanah", wato mai kyau da harshen Habasha. Yarinya ta yi ado a yabe ta, wannan daɗi ne. Matsalar ita ce ya zama shi kaɗai take ji tun daga goyo har ɗakin miji.

Maganar hoton mai rai a jikin tufa kuwa mas'ala ce ta daban, ku kai wa malamanku.

To ruwan hoda fa? Ba tun fil azal launin mata ba ne?

Ko kusa. A Amurka a da, jarirai maza da mata duk farar doguwar riga ake sa musu, saboda fari ya fi sauƙin wanki da tafasawa. A 1918 wata mujallar masu sayar da kayan jarirai ta can ta rubuta cewa ruwan hoda na yaro ne domin launi ne mai ƙarfi, shuɗi kuma na yarinya domin ya fi laushi. Sai wajen shekarun 1940 abin ya juye ya zauna yadda aka san shi yanzu. Ya ƙara kafuwa a shekarun 1980, lokacin da hoton ciki ya yaɗu, iyaye suka fara sanin jinsin jariri kafin haihuwa suna sayen kaya tun da wuri. Ga ɗan kasuwa wannan riba ce: in kayan yaya mace ba za su yi wa ƙane namiji ba, sai an sake sabon saye.

A nan gida kuwa, ki dubi sahun masallacin idi. Shadda ruwan hoda, ruwan goro, ruwan ɗorawa, duk a jikin magidanta masu gemu, ba wanda ya ce musu kanzil. Dogaran sarki ja da kore suke sawa. A hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, Hasan da Husaini sun shigo masallaci suna ƙanana sanye da jajayen riguna, suna tafiya suna tuntuɓe, har Annabi ya sauko daga mumbari ya ɗauke su. Amma yanzu sai amarya ta dawo daga asibiti da sakamakon hoton ciki ta ce mini, "Anti, komai ruwan hoda nake so, har bahon wanka." Nakan ba ta, kuɗinta ne. Nakan dai tuna mata cewa in Allah ya kawo namiji a baya, shawul da baho ba su san jinsi ba.

Daga ina kayan nan suke zuwa?

Sabbin na kanti yawancinsu daga Sin ne, da Turkiyya, da Bangaladash, ana ɗinka su ne da kasuwar Turai da Amurka a rai, ko a kwaikwayi abin da ke yayi a can. Mu a nan muna samun su ta hannun manyan 'yan kasuwar Kano da Legas. Gwanjo kuwa kayan da aka riga aka sa ne a ƙasashen waje, aka tattara aka ɗaure dila-dila. Yana cikin jerin kayan da Kwastam ta hana shigowa da su Najeriya, shi ya sa yake sauka a tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko Lome ya biyo ta ƙasa. Gaya ta Jamhuriyar Nijar, wadda ke daf da Kamba ta jihar Kebbi, ta daɗe da yin suna a wannan fatauci.

Mai saro dila ba ya ganin abin da ke ciki sai ya yanke igiya. Don haka ba na ɗora wa mai sayarwa laifi, shi ma a rufe ya saya. Ba wanda ya zauna a Landan ya ƙulla makirci a kan yaran Tudun Wada. An buga rubutun ne don wasu mutane, ya ƙare a jikin namu. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Su can ba su damu ba ne?

Sun damu, sun ma riga mu surutu. A 2011 kantin JCPenney na Amurka ya janye wata rigar 'yan mata da aka rubuta wa cewa "na yi kyau da yawa da zan yi aikin gida na makaranta, ɗan'uwana ne zai yi mini", bayan iyaye sun yi ca a intanet. A 2016 kamfanin Gap ya sha suka a Ingila kan wata talla da ta kira yaro "ƙaramin malami" sanye da riga mai hoton shahararren masanin kimiyya Einstein, ta kira yarinya mai son shiga jama'a. Abin dariya, a rigar ƙaramin malamin an yi kuskuren rubuta sunan Einstein ɗin. A 2017 kantin John Lewis ya cire alamar "na maza" da "na mata" daga kayan yaran da yake ɗinkawa, a 2019 kuma hukumar da ke kula da tallace-tallace a Birtaniya ta hana tallar da ke yaɗa irin wannan ra'ayi mai cutarwa.

Ba duk abin da suka yi nake so mu kwafa ba. Mu a nan za mu ci gaba da raba kayan maza da na mata. Amma abin lura shi ne, rigar da iyayen can suka ƙi ba ta ɓacewa daga duniya. Irinta na nan a cikin dila.

Kin fi magana a kan mata. Su maza ai yabo ake musu, ina matsalar?

Yabon ne matsalar. Ana yaba masa da ƙarfi, da taurin kai, da rashin jin magana. Ban cika cin karo da rigar yaro da ta ce "mai tausayi" ko "mai taimakon mahaifiyarsa" ba, sai nadiran. Mu ma muna ƙara wa wutar icce: yaro ya faɗi ya fasa gwiwa, a ce masa namiji ba ya kuka. Sai ya girma ya iya haɗiye komai, bai iya cewa "ina jin tsoro" ba.

Sannan akwai abin da ya shafe mu mu 'yan Zamfara musamman. Wando da riga masu dabbare-dabbaren kakin soja, da riguna masu hoton bindiga ko ƙoƙon kai, suna cike da kasuwa, ana kuma haɗa wa yaro da bindigar roba ranar sallah. A ƙasar da bindiga sai a talabijin, wataƙila wasa ne. A jihar da a aji ɗaya nake da yaran da suka baro ƙauyukansu saboda 'yan bindiga, ba na ganin wasa a ciki. Rundunar soja ma ta sha gargaɗin farar hula a kan sa kaya irin nata. In za ku yi tafiya da yaro a hanyar da ke da shingen bincike, ku bar wannan wandon a gida. Ni na daina saro su gaba ɗaya, duk da suna da kasuwa.

Yanzu duk laifin kayan waje ne? Mu ba mu da namu?

Muna da shi, ya ma fi tsufa. Tun yarinya na rarrafe ake kiranta amarya, kaka ya ce matarsa ce, a yi dariya. Wannan wasa ne na zumunci, ba na ƙin sa. Amma ki lissafa sau nawa aka ce mata amarya, sau nawa aka ce mata malama ko likita. Ki haɗa da maganar nan da ake yawan yi, wai karatun ɗiya mace ƙarshensa ɗakin girki. Rubutun riga ya zo ne ya tarar da gona a share.

Abin da ke ba ni haushi shi ne muna da gadon da ya fi wannan. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru, ta tura jajoji, wato malamai mata, suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. Alamar da take ba kowace jaji ita ce malfa da jan ƙyalle a naɗe. Ga tufa mai ɗauke da saƙo: duk wanda ya ga wannan malfar a kan dattijuwa ya san mai ilimi ce ta zo. A tarihin Zamfara kuma ana ambaton sarauniya 'Yargoje. Ba sai mun je aro ba.

Kuma karatun 'ya mace a nan ba abu ne mai arha ba. A watan Fabrairu na 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. Uwar da ta daure bayan wannan ta ci gaba da tura ɗiyarta makaranta, bai kamata a sayar mata da rigar da ke cewa lissafi ba na 'yan mata ba ne.

Ban yi boko ba. Ya zan yi in san abin da aka rubuta?

Ki tafi kasuwa da ɗan makaranta, ko ki ɗauki hoton rigar ki tura wa wanda ya iya ta WhatsApp kafin ki biya. Google Translate ma yana juyawa zuwa Hausa, sai dai habaici da batsa sukan wuce shi, ya ba ki fassara mai tsabta alhali maganar ba ta da tsabta. In an rasa mai karantawa, ki ɗauki wadda ba ta da rubutu.

Ki duba bayan wando da siket. Rubutun da ake bugawa a mazaunin wandon ƙaramar yarinya, ko da kalmar ba ta da laifi, wurin yana da shi.

Kakarsu ce ta sayo, ko an kawo a kayan barka. In ƙi sa wa?

Kada ki ɓata da surukarki saboda riga. Hajiya ta ga launi mai kyau ta sayo wa jikanta, niyyarta alheri ce. Ki yi godiya. In rubutun shirme ne kawai, a sa a cikin gida ko a ƙarƙashin wata rigar lokacin sanyi. In na batsa ne ko na zagi, ki bar ɗanta ya gaya mata cikin raha, daga bakinsa ya fi sauƙin shiga. Na tabbata in ta ji ma'anar ita za ta fara cewa a ƙona.

'Yata da kanta ke kukan sai rigar gimbiya. In hana ta?

Ki saya mata. Son ƙyalli da fure ba cuta ba ne, ni ma ina so. Ki dai haɗa mata da wani abu: wadda ke da taurari, wadda ke da lambobi, rigar ƙwallo mai dogon hannu in tana so. In ta sa ta gimbiyar kika ce ta yi kyau, anjima da ta kawo allonta ki yaba da murya irin wancan.

Ba gara a koma wajen tela ba?

Ga kayan sallah da na Juma'a, ai ba mu taɓa barinsa ba. Atamfa, shadda da yadi ba sa zagin kowa, kuma kuɗin yana zama a gari. Masu buga rubutu a riga ma suna nan a Gusau, su ke yi wa makarantu rigunan sauka da na bikin yaye ɗalibai. In rubutu kike so, ki zaɓi naki, da Hausa ko da ajami, muddin ba ayar Alƙur'ani ko sunan Allah ba ne, tunda yaro zai shiga banɗaki da ita ya kuma yi birgima a ƙasa.

Sai dai tela ma yana da nasa. Ki duba kaftanin yaro: aljihu a ƙirji, biyu a gefe, wani a wando, yana gudu yana tsalle. Ki duba na yarinya: siket matsattse da ba ta iya tsallake kwata da shi, duwatsu masu sukar fata, ba aljihu ko ɗaya. Ranar yawon sallah shi yana zuba goron sallarsa a aljihu, ita tana dunƙule nata a hannu ko ta ba yayanta ajiya, kin kuwa san yadda ajiyar yaya take ƙarewa. Bara na ce wa telana ya sa wa 'yata aljihu biyu a doguwar riga ya kuma buɗe ƙasan. Ya dube ni ya ce, "Malama, kayan mata ba a sa musu aljihu." Na ce a sa, zan ƙara kuɗin. Ya sa. Da yamma ta dawo ta zazzage su a kan tabarma, ta ƙirga da kanta, ba ko naira da ta ɓace.